Jawabi Kan Amfanin Wayar Salula Ga Motocin Fatake



A da, idan gingimari ta taso daga Azare da shanu ko hatsin Gadau, mai kaya a Ikko ba ya jin ɗuriyarta sai ta iso. In ta lalace a daji, dabbobi su jigata, dukiya ta salwanta.

Tun zuwan wayar salula a 2001 al'amari ya sake. Yau direba yakan kira makaniki daga inda ya tsaya. In haɗari ne, ga lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Akwai kuma na'urar da ke nuna wa mai mota inda take, ko da an sace ta.

Sai dai direba ya tsaya kafin ya amsa kira, gama rai ya fi riba. Allah Ya kiyaye hanya, amin.