Jawabin Ƙaddamar da Gandun Renon Itatuwan Gida na Ƙasar Ƙaraye da Rogo



Mai Martaba Sarkin Ƙaraye, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, iyayen ƙasa hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Sarkin Dawa da arɗoɗin Fulani, iyayenmu mata, malaman makaranta da 'ya'yanmu ɗalibai da suka yi sammako daga Turawa, Yammedi, Kurugu, Zarewa, Fulatan da Ruwan Bago. Ina yi wa kowa barka da zuwa, ina kuma neman afuwar duk wanda bakina bai kai ga sunansa ba.

Ranka ya daɗe, an ba ni wannan dama ne domin na yi rayuwar aikina a matsayin malamin daji, kuma a ƙasar nan aka binne cibiyata. Zan fara da wata tambaya ga manoman da ke zaune. Kowa ya tuna gonarsa. Ɗorawa nawa ce a ciki? Wani zai ce biyu, wani huɗu, wani ya ce ai ta kakansa guguwar bara ta kayar. To, a cikin waɗanda suka rage, guda nawa ce za ka iya zagaye kututturenta da tafin hannu biyu? Na yi wannan tambaya a gonaki da dama tsakanin nan da Rogo, amsar kusan ɗaya ce: babu. Ɗorawarmu duk tsofaffi ne. Kaɗanya haka, ɗinya haka, kanya da tsamiya haka. Itatuwan da muke sha wa inuwa yau, iyaye da kakanni ne suka bar mana su, mu kuwa ba mu bar ko ɗaya ta taso ba. Gari ne na dattawa zalla, babu yaro ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya tara mu ke nan.

Ina ƙarami, kakata ce mai daddawa a unguwarmu. Idan ɗorawa ta nuna, mu yara ne 'yan kwasa. A ɓare, a daka, a tankaɗe garin nan ruwan ɗorawa mu sha da ruwa har ya manne mana a ganɗa. Kalwar kuma ta kwana a kan wuta, da safe a surfa ta, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye a kwando kwana biyu ko uku, sai ƙamshi ya gaya wa maƙwabta cewa ta yi. Ɓawon ma ba a yar da shi, shi ne makubar da ake daɓen ɗaki da shafen katanga. Da kuɗin daddawa kakata ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Yau yawancin masu sana'ar sun koma waken suya, domin kalwa ta yi tsada, kuma daga nesa ake kawo ta. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan rashi, a tukunyarsu ya fara bayyana.

Ya kamata in faɗi laifina a gaban Sarki da jama'a. Shekara da shekaru ina raba dashe. Dubbai na raba, kuma kusan duka dalbejiya ce da turare, saboda suna saurin tashi, akuya ba ta cika damunsu ba, adadinsu kuma yana da daɗin rubutawa a rahoto. Ban raina dalbejiya ba. Baƙuwa ce daga Indiya da ta zo zamanin Turawa, ta yi mana inuwa a kasuwanni da makarantu da bakin hanya, Allah ya saka wa waɗanda suka dasa. Amma ba a daddawa da ita, ba a man kaɗe da ita, ba a miya da ganyenta. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama na reni kalwa ko ƙwarar kaɗanya da hannuna ba, ina ganin ai waɗannan na Allah ne, su ke fitowa da kansu. Da suna fitowa. Amma gona ta daina hutawa, garmar shanu da tarakta suna tumɓuke tsiro tun yana ganye biyu, abin da ya tsira kuma dabbar rani ta cinye. Na daɗe ina ganin haka ban gane ba, kuma abin yana damuna har yau.

Itace ba ya tafiya shi kaɗai. Ku dubi furen ɗorawa, jan nan mai reto kamar tuntu, da yake fitowa da rani. Da dare yake buɗewa sosai, jemage ya zo shan zaƙinsa, ya kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Da asuba ƙudan zuma ya karɓi aiki. Kuka ma jemage ne babban mai yi mata wannan hidima. Kaɗanya kuwa ƙudan zuma take jira. Idan muka sare rimi da gamjin da jemage ke kwana, muka yi feshi ba ƙa'ida har amya ta zama wayam, to ɗorawar da ta rage za ta yi fure ta zubar, 'ya'ya kaɗan. Masana sun ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da irin wannan kai-kawo na ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Mai lambun kankana da kabewa a bakin dam ya san haka ko da bai karanta ba.

'Ya'yana ɗalibai, wane ne a cikinku ya taɓa ganin ungulu da idonsa? A zamaninmu ba a yanka a mahauta sai sun jeru a kan katanga, har sai an kora. Yanzu sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. Guba ta kashe wasu, wasu an kama an sayar da kai da ƙafa ga masu neman sa'a. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai ajiye kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wannan ungulu tamu ta mahauta a sahun waɗanda ke bakin gaɓar shuɗewa. Kada wani ya ce ina ruwansa da ƙazamar tsuntsuwa. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake ba shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar da suka ci mushen shanun. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Allah bai halicci komai a banza ba. Gauraka ma, da muke gani bibbiyu a fadama, yanzu sai a hoto. Burtu, gada, guza, makwarwa: dattawa su lissafa da kansu yaushe rabonsu da su.

Abin da muke gani a nan, duniya ma ta auna shi. A 2019 wani babban taron masana da gwamnatoci suka kafa ya bayyana cewa nau'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan ɗaya na cikin haɗarin ƙarewa. Rahoton ƙungiyar WWF na 2024 ya nuna cewa garkunan namun daji, tsuntsaye da kifayen da ake bibiya sun ragu da kashi 73 cikin 100 a matsakaici tsakanin 1970 da 2020. A Afirka kashi 76, halittun koguna da tafkuna kuwa kashi 85. Saboda haka ne a watan Disamba na 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashe kusan 200, har da Najeriya, suka yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030. Alkawari ne mai kyau. Amma wanda ya sa hannu a Montreal ba shi ke riƙe da gatari a Zoza ko Kwanyawa ba. Mu ne.

Kuma mu a nan muna da wata babbar amana. Tsakanin 1990 da 1992 aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, tsayinta mita 42, tsawonta kusan kilomita 8. Ta kawo noman rani da kamun kifi, tana kuma cikin masu shayar da birnin Kano. Ruwan da ya bar nan yakan haɗu da kogin Kano ya zama kogin Haɗeja, ya gangara har dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan Challawa, ambaliyar da ke raya wancan dausayi ta ragu, ruwa ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, jan baki ya samu maɓoya a cikinta. 'Yan'uwanmu na can sun biya wani ɓangare na kuɗin alherin da muke ci. Mafi ƙarancin abin da ya kamace mu shi ne mu kula da kan ruwan. Duk wanda ya nome gaɓa har bakin ruwa, ya sare itatuwan da ke riƙe da ita, ƙasar gonarsa ce ruwan sama zai kwasa ya zuba a cikin dam, shi ya yi asarar taki, dam ya cike da yashi. Sarkin Ruwa, a gabanka nake roƙon masunta: a bar kamu da gidan sauro da taru mai ƙananan idanu, a bar zuba guba a ruwa. Karfasar da ba ta kai yatsa biyu ba, ba ta yi ƙwai ko sau ɗaya ba. Dattawan masunta sun san girman giwan ruwa da ragon ruwan da suka saba fitarwa, sun kuma san abin da koma ke kawowa yau.

Ba na son mu tashi da karyayyar zuciya, domin maganin yana kusa, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka gwada shi. A ƙasar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970, gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani: a zaɓi toho ɗaya zuwa uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran, a riƙa yi masa aski yana miƙewa. Ba rijiya, ba leda, ba kuɗin dashe. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba. Idan ya yiwu a can, ba mu da hanzari a nan.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke cikin wannan gandu. A layukan da ke bayan rumfa akwai ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, ɗinya, kanya, gawo, marke, maɗaci, ƙirya da madobiya. Ba a sayo irin ko ɗaya ba. Ɗalibai ne suka tsinto shi a gindin iyayen itatuwan garuruwansu, mata masu daddawa suka ba da kalwa daga abin sana'arsu, makiyaya suka nuna inda sauran madobiya ta ɓuya, ita da masu safarar katako zuwa ƙasar Sin suka yi wa ƙarƙaf a Afirka ta Yamma. Ina gaya wa kowa gaskiya tun yanzu: ɗorawa takan kai shekara takwas ko goma kafin ta yi 'ya'yan kirki, kaɗanya sha biyar ko fiye. Da yawanmu da ke zaune a nan ba za mu ci ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi sadaka ce ga mai dasawa, kuma a kan wannan muka dogara.

Tare da gandun akwai littafi a kowace makarantar da ta shigo wannan aiki. Ɗalibi zai je wurin kakansa ko kakarsa, ya tambayi sunan kowane itace, tsuntsu, kifi da ciyawar da suka sani, da amfaninsa, da inda ake samunsa, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe. A rubuta da Hausa da Fulatanci. A rubuta ranar da shamuwa ta sauka kowace shekara, da bishiyar da ta yi sheƙa. Dattijon da ya san maganin da ke jikin marke ba zai dawwama ba. A je masa tun yana iya magana.

Roƙona ga iyayen ƙasa guda uku ne. Dagatai da masu unguwanni su tsaya kan cewa ba a sare ɗorawa, kaɗanya ko kuka mai rai don gawayi ko itacen sayarwa, kamar yadda yake a al'adarmu tun fil azal. Kowane manomi ya bar toho aƙalla goma a gonarsa wannan damina, ya kewaye su da ƙaya, arɗoɗi kuma su ja kunnen yara masu kiwo. Sannan hukuma ta tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena nasa ne da magadansa, ta kuma taimaka wa mata da murhu mai cin itace kaɗan, domin ba mugunta ke kai mace daji da gatari ba, tuwon dare ne.

Ina godiya ga matasan da suka yi ta jan ruwa safe da yamma tun cikin bazara har dashen nan ya kai haka, da mai gonar da ya ba da filinsa kyauta. Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Allah ya taimaki Sarki, an haƙa rami a gabas da rumfa, an zuba taki. Wata ɗaliba daga Rogo tana riƙe da ɗorawar da ta rena daga kalwar kakarta. Muna roƙon Mai Martaba ya taso ya sa mana albarka, ya dasa ta da hannunsa, ya buɗe wannan gandu da sunan Allah.