Baki Shi Ke Yanka Wuya: Iyakar 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki a Zamanin Wayar Hannu

 

Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa ya shafi kowane gida a cikin badala, daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga. Tambayar ita ce: a ina 'yancin mutum na faɗar albarkacin bakinsa ya tsaya, a ina kuma laifin da hukuma ke kamawa ya fara, musamman ga wanda ransa ya ɓaci ya ɗauki waya ya zazzage abin da ke cikinsa a Facebook ko WhatsApp ko TikTok?

A da, idan mutum ya yi suɓutar baki a majalisar ƙofar gida ko a rumfar Kasuwar Kurmi, mutum biyar ko goma ne shaidu. Kafin a kira sallar magariba dattawa sun shiga tsakani, an ba da haƙuri, magana ta mutu a zaure. Yau kuwa kalmar da aka rubuta cikin fushi a Yakasai tana isa Jidda da Landan kafin mai ita ya huce. Ko ya goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan a matsayin hujja. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A zamaninmu bunun har ajiye shi ake yi, a fito da shi ranar shari'a.

Sai dai kada a ɗauka mun zo ne mu ce kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Mu Kanawa mun fi kowa sanin darajar faɗar gaskiya ga mai mulki. A wannan gari aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma mabiyan Malam Aminu Kano da dama sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai na En'e saboda kalmomin da suka furta a dandalin lacca. Abin da suka sha wuya a kansa shi ne yanzu ke rubuce a sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999: kowa yana da 'yancin riƙe ra'ayi, da karɓar labari da isar da shi ba tare da tsangwama ba. Amma sashe na 45 ya biyo baya, ya halatta a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci domin tsaro, da zaman lafiya, da tarbiyyar jama'a, da kare haƙƙin wasu. Tsakanin waɗannan sassa biyu iyakar take, kuma ana iya gane ta a wurare huɗu.

Na farko shi ne ɓata suna. Sashe na 391 da na 392 na dokar Final Kod sun mai da shi laifi, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A nan wajibi ne mu rarrabe ra'ayi da zargi. Wanda ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya gaza, magudanun ruwan unguwarmu sun toshe, ra'ayinsa ya faɗa a kan aikin mai riƙe da amanar jama'a, kuma dokar da kanta ta keɓe irin wannan idan an yi shi da kyakkyawar niyya. Wanda ya ce wane ya sace kuɗin kwangila kaza, zargi ya yi, kuma za a nemi ya kawo hujja. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamna na lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje. Masu kare haƙƙin bil'adama sun yi tir da hukuncin, amma bulalar ta riga ta sauka. Mu kuma tuna cewa jifan mace ko namiji da zina ba tare da shaidu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80, kuma kotunan Musulunci na jiharmu suna da hurumin sauraronsa tun 2000. Haka nan dokar ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri magana ba, ta haɗa da wanda ya yaɗa ta. Don haka cewa turo mini aka yi ba ta wanke kowa.

Na biyu shi ne barazana. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga wanda ya aika saƙon da ya jefa wani cikin tsoron kisa ko jikkata. Kalmomi irin su sai mun ga bayanka, ko mun san gidanku, waɗanda matasa ke jefa wa juna a rikicin siyasa da na sarauta, suna iya faɗawa ƙarƙashin wannan sashe, ko da mai su bai taɓa riƙe ko sanda ba.

Na uku shi ne ƙarya mai tayar da fitina. A garin da ya ga tarzomar 1953 da ta 1991 da ta 2004, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba kan abin da jita-jita ke haifarwa. Tsohon bidiyon rikicin wata ƙasa, idan aka liƙa masa sunan Sabon Gari ko na wata kasuwa a Kudu, ya isa ya sa a rasa rayuka. 'Yan'uwanmu mazauna Kudu su ne farkon waɗanda irin wannan wuta ke lasa.

Na huɗu shi ne abin da ya shafi addini, kuma shi ya fi kowanne nauyi a Kano. Mubarak Bala an kama shi a watan Afrilu na 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook. Babbar Kotun Jiha ta yanke masa shekara 24 a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Yahaya Sharif-Aminu kuwa, waƙa ya tura a WhatsApp, Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa a watan Agusta na 2020. A farkon 2021 Babbar Kotun Jiha ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'ar domin an yi ta ba shi da lauya, kuma maganar ta kai har Kotun Ƙoli. A watan Afrilu na 2025 Kotun ECOWAS ta ce sashe na 210 na Final Kod da na 382(b) na dokar Shari'a ta Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin da Nijeriya ta sa wa hannu, hukuncin da jama'ar Kano da yawa suka ƙi amincewa da shi. Muhawarar masana tana gudana. Abin da bai kamata a yi muhawara a kansa ba shi ne ɗaukar doka a hannu. A watan Maris na 2020, tun kafin alƙali ya zauna, gungun mutane suka ƙone gidan iyayen wancan matashi a Sharifai. Wanda ya rubuta a je a ƙone, ko ya wallafa kwatancen gidan wani domin a far masa, shi ma ya aikata laifi, komai girman abin da ya fusata shi. Hukunci aikin alƙali ne.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Masu iko su ma sukan tsallake iyaka. Tsohon rubutun sashe na 24 ya mai da saƙon da ke jawo ɓacin rai ko damuwa laifi mai ɗaurin shekara 3 ko tarar Naira miliyan 7, kuma da shi aka riƙa tsare 'yan jarida. A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda jimla ɗaya da ya rubuta a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi gidan yarin Suleja, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 da 2022 cewa a gyara sashen, kuma a watan Fabrairu na 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka yi domin ruguza doka da oda ko jefa rayuka cikin haɗari. Wannan ci gaba ne, amma talakan da aka tsare mako biyu kafin ya ga alƙali ya riga ya sha hukunci, ko da daga baya an wanke shi.

To, mene ne namu a matsayin ƙungiya? Muna ba da shawara uku. Da farko, masu kula da zaurukanmu na WhatsApp su kafa ƙa'ida a rubuce: duk zargin da ya ambaci sunan mutum ba tare da hujja ba a cire shi, a kuma yi wa mai shi magana a keɓe. Na biyu, lauyoyin da ke cikinmu su ware lokaci a hutun sallah su zauna da matasan unguwanni su fayyace musu waɗannan sassa da Hausa, su kuma tsaya wa duk ɗanmu da aka tsare saboda sukar da doka ta halatta. Na uku, mu roƙi 'yan'uwanmu masu riƙe da muƙamai su faɗaɗa ƙirjinsu. Wanda ya karɓi amanar jama'a ya karɓi sukarsu tare da ita. Idan yaro ya yi rashin kunya, a fara kai ƙararsa wurin mahaifinsa da mai unguwa kafin a kai ofishin 'yan sanda, domin sulhu shi ne gadonmu.

Ga matasanmu kuma, kafin ku danna tura, ku tambayi kanku abu uku: na tabbatar gaskiya ce? Zan iya maimaita ta a gaban alƙali? Zan iya faɗarta a zauren gidanmu mahaifina yana zaune? Idan amsar duka e ce, ku faɗa ba tare da tsoro ba, mu kuma muna bayanku. Idan ɗaya ta zama a'a, ku ajiye wayar sai zuciya ta sanyaya.

Allah Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, Ya ba shugabanninmu haƙuri da adalci, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.