Haske Ba Shi da Rumbu



Duk manomin da ke zaune a nan Rijiyar Zaki ya san amfanin rumbu: ka girbe gero da kaka, ka zuba, ka ɗebo ranar da kake so. Na'urorin sadarwa ma suna da nasu rumbun na lantarki, inda saƙo ke jira idan hanya ta cika. Damuwarmu ita ce saƙon yau a cikin haske yake tafiya, ta zaren gilashi, tun daga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da ta iso Legas a 2010 da Equiano a 2022, har zuwa Kano. Shi kuwa haske ba ya tsayuwa a cikin zare. A 1999 Lene Hau ta Jami'ar Harvard ta rage masa gudu zuwa mita 17 a sakan, amma a cikin wata iska mai tsananin sanyi ta ɗakin gwaji, abin da ba za a kai shi kan titin Gwarzo ba.

To, ya ake yi idan ƙunshin bayanai biyu suka iso ƙofa ɗaya lokaci guda? Ko dai a mayar da ɗaya lantarki a ajiye, a ci wuta a ɓata lokaci, ko a ƙara masa tsawon hanya. Sai a naɗe zare kamar gammo, a tura shi ya zagaya, kamar mota mara birki da ake ta juyawa a shataletale har gaba ta buɗe.

Mu yi lissafin tare. Haske a cikin gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan. Ƙunshi mai bayit 1,500, a layin da ke ɗaukar gigabit 10 a sakan, tsawonsa a cikin zare mita 240 ne. Idan kana son ƙunshi 100 su yi layi, zaren kilomita 24 kake nema. Alhali a kilomita 15 kawai rabin ƙarfin hasken ya tafi. Kun ga ma'ajiyar haske dole ta zama ƙarama, kuma dole a auna ta kafin a sayi ko mita ɗaya.

A nan lissafin jerin gwano ke shigowa, wanda A. K. Erlang ya assasa a kamfanin tarho na Kopenhagen tun 1909. Sai dai a nasa layin mutum yana jira daidai gwargwadon buƙata. Gammon zare kuwa tsawonsa yankakke ne: awo ɗaya, biyu, uku. Kamar mai awon da ba shi da gwangwani sai kwano. Kana son kwano ɗaya da ɗan ƙari, dole ka ɗauki biyu. Wannan ƙarin giɓi ne a kan layi, babu mai amfani da shi. Ka gajarta awon, ma'ajiya ta cika nan da nan, a zubar da saƙonni. Ka tsawaita, giɓi ya cinye hanya. Tsakanin biyun akwai ma'auni mafi dacewa, kuma nemo shi ne aikin da ya fi ba ni sha'awa a fagen nan.

Ina jan hankalin ɗalibai kan abu guda. Kada ku ɗauka saƙonni suna zuwa ɗaiɗai cikin natsuwa. Masu bincike na Bellcore a Amurka sun nuna a 1993 cewa tururuwa suke yi, irin ta motocin hatsi a Dawanau da kaka. Lissafin da ya manta da wannan zai yi kyau a takarda, ya ba da kunya a aiki.

Ga Jami'ar Bayero nan kusa da mu. Kwamfuta ɗaya ta isa a kwaikwayi ƙunshi miliyan goma, a sauya tsawon awo, a ƙirga nawa suka zube. Da wannan nake so mu fara a zama na gaba, kowa ya zo da littafinsa na lissafi.