Jinga Kaɗai Ba Ta Tsare Gari: Zama a Bakin Kogin Haɗeja



Duk damina, da ruwa ya taso, mutanen Haɗeja da Auyo da Guri sukan fito da buhunan yashi su ƙara tsawon jinga. Aikin gayya ne, ya kuma ceci rayuka. Sai dai ruwan da aka hana shiga wannan gari bai ɓace ba, garin gaba ya nufa. A 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Sauyin yanayi ya sa ruwan sama na zuba da yawa cikin ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma kogin ma mun canza shi. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, yakan janye da rani, gindinsa ya bushe. Yanzu ruwa na gudana duk shekara, kachala ta sami wurin zama, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi. In ya rasa mafita sai ya bazu cikin gonaki da gidaje.

Holan ta sha irin wannan. A 1995 aka kwashe mutum kusan 250,000 saboda tsoron ɓallewar jinga. Daga baya, a birnin Nijmegen, suka ja jingar kogin Waal baya da mita 350, suka haƙa masa hanya ta biyu. Ba mu da kuɗinsu, na sani. Abin da nake so mu ɗauka shi ne shawarar: a ware fadamar da ruwa zai kwanta, a san ta tun rani, a hana gini a cikinta.

Sai gidan kansa. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Ruwa ya kwana biyu yana jiƙa ta, sai ta zauna. Ku dubi rumbu, kan duwatsu kakanninmu suka ɗora shi don kada danshi ya taɓa hatsi. Haka ɗaki ke bukata: harsashin dutse ko bulo da siminti, a ɗaga shi ya wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa, sannan a ci gaba da tubali. Bakin rijiya da masai su ma a ɗaga su, don in suka haɗu kwalara ce ke biyo baya. Makaranta da asibiti kuwa a kai su tudu, tunda can jama'a ke gudu.

Abu mai wuya shi ne diyya. Manomin da za a ce shinkafarsa ta nutse domin gari ya tsira, wa zai biya shi, kuma nawa? Wannan magana ta gwamnatin jiha ce da masarauta da hukumar kogin Haɗeja da Jama'are, kuma gara a yanke ta kafin watan Agusta.