Wa Ya Tambayi Kaka Kafin a Ɗora Mata Manhaja?



A 2023 hukumar fansho ta PTAD da ke nan Abuja ta buɗe wa 'yan fansho tsarin tantancewa ta intanet: tsoho ya nuna fuskarsa ga kyamarar waya, ko ya ɗora yatsa, na'ura ta shaida cewa yana raye. An huta da doguwar tafiya da layin da dattawa ke yini a kai. Sai dai wayar ta jika ce, kuɗin data na ɗa ne, yatsan da ya shekara hamsin yana riƙe fartanya kuwa zanensa ya shafe. Haka aka sha fama wajen haɗa lambar NIN da layin waya tun Disambar 2020. A ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ma, tsofaffi da yawa ba su san inda ake latsawa a tura kuɗi ba.

Ba a rasa hukuma ba. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, an kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Zama da masu abin ne aka rasa.

Al'adar Abuja ita ce naɗi. Taron ƙasa na 2014, wanda Mai Shari'a Idris Kutigi ya jagoranta, wakilai 492 ya tara, kuma gwamnatoci da ƙungiyoyi ne suka miƙa sunayensu. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a Kwali ba ta da wanda zai miƙa nata.

Wasu ƙasashe sun koma ga ƙuri'a. A 2016 Ayalan ta kafa majalisar 'yan ƙasa 99 da aka tsinto ba sani ba sabo, ƙarƙashin alƙaliya Mary Laffoy. A 2017 suka zauna kan yawaitar tsofaffi, suka saurari masana, suka yi muhawara, suka ba da shawarar a daina tilasta wa mutum ritaya don shekaru kawai. A 2018 kwamitocin majalisar Birtaniya biyu sun tara mutum 47 a Birmingham kan yadda za a biya kuɗin kula da manya marasa ƙarfi. Mai cewa wannan sai Turai, ya leƙa Tamale a arewacin Ghana: a Janairun 2015 mutum sama da 200, masu boko da marasa shi, sun kwana biyu suna tattauna ruwa, tsafta da abinci. Ƙuri'ar ma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, tunda da ita Manzon Allah (SAW) yake fitar da wadda za ta yi tafiya da shi cikin iyalansa.

Akwai tarko, kuma a nan ne ya kamata masu tsara irin wannan zama su tsaya. Daga wane kundi za a ciro sunayen? In daga rajistar NIN ne ko lambobin waya, to waɗanda na'ura ta riga ta ƙi su ne za a sake tsallakewa, a tara masu wayar shafa su yanke hukunci kan marasa ita. A Ayalan ƙofa-ƙofa aka bi. A birnin tarayya ma sai an taka gida-gida a Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da AMAC, a haɗa tsofaffin da masu jinyarsu, waɗanda galibi 'ya'ya mata ne da surukai. Sai an tanadi tafinta na Gbagyi da Hausa da Bassa, kuɗin mota, da wanda zai zauna da mara lafiya ranar da mai jinya ta fita.

Sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi. Kafin a zauna, PTAD da hukumar NIMC mai kula da NIN da Babban Banki su ɗauki alkawarin amsa kowace shawara a rubuce, cikin wa'adin da aka yanka, su faɗi wadda suka karɓa da dalilin ƙin wadda suka ƙi.