Matsirgar Murchison da Gandun Dajinta



Wurin da zan yi magana a kansa yau yana arewa maso yammacin ƙasar Yuganda, tafiyar kilomita wajen 300 daga Kamfala, ta hanyar garin Masindi. Shi ne Gandun Dajin Murchison, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasar girma, domin faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 3,900.

Kogin Nilu ne ya ratsa gandun ya raba shi biyu. Bayan ya baro Tafkin Biktoriya ya bi ta Tafkin Kiyoga, sai ya iske wani tsagin dutse wanda faɗinsa bai wuce mita 7 ba, ruwan duka ya matsu ya kutsa ta ciki, sa'an nan ya faɗa ƙasa kamar mita 43. Wanda ya san Matsirga ta kusa da Kafanchan ya san kamannin abin, amma fa a nan babban kogi ne sukutum aka tura ta ƙofar da ba ta fi tsawon ɗaki ba. In mutum ya tsaya a bisa dutsen, sai ya ji ƙasa tana rawa ƙarƙashinsa, feshin ruwa ya jiƙa masa tufafi, ba ya ko jin maganar na kusa da shi. A shekarar 1962 ambaliya ta ɓalle wata hanya a gefe, aka sami matsirga ta biyu, aka sa mata suna Uhuru, watau 'yanci, saboda a shekarar ce ƙasar ta sami mulkin kai.

Baƙo yakan shiga jirgin ruwa a Paraa ya hau kogi wajen awa biyu har gindin matsirgar. A ganina wannan ya fi yawo cikin mota, gama dabbobin su ke zuwa da kansu: dorinai a kwance cikin ruwa garke-garke, kadoji sun buɗe baki a kan yashi, giwaye da ɓauna suna shan ruwa. Raƙuman dawa da zakoki kuwa, a hayin arewa aka fi ganinsu.

To, yaya aka yi daji mai wannan albarka ya zama babu mutane? Ba don namun daji aka fara keɓe shi ba. Ciwon barci ne, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya yi ta kashe jama'a, har Turawan mulki suka kwashe mazauna wurin tsakanin 1907 da 1912. Da gonaki suka koma daji, dabbobi suka yi ta haifuwa, kuma a 1952 aka mai da shi gandun ƙasa. Kafin ƙarshen shekarun 1960 giwaye sun yi yawan da suka ƙare itatuwa, har hukuma ta sa aka harbe wasu.

Sunan ma da tarihinsa. Samuel Baker da matarsa, da suka iso wurin a 1864, suka sa masa sunan Roderick Murchison, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, mutumin da bai taɓa ganin matsirgar ba. Idi Amin ya canja shi zuwa Kabalega, sunan Sarkin Bunyoro da ya yaƙi Ingilishi har suka kama shi a 1899. Lalle wannan suna ya fi dacewa. Sai dai a zamanin Amin ɗin, daga 1971 zuwa 1979, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, sojoji da mafarauta suka auka wa gandun da bindigogi, giwaye suka kusa ƙarewa, karkanda kuwa ta ƙare ƙaf. Da ya faɗi, sunan ya faɗi tare da shi.

Da zaman lafiya ya samu, dabbobin sun sake yawaita, amma wata jarrabawa ta taso, kuma ita na ke so ma'aikatan da ke nan su lura da ita. An gano man fetur a kwarin Tafkin Albert, a 2023 kuma kamfanin TotalEnergies ya fara haƙa rijiyoyi, wasu a cikin gandun kansa, da nufin tura man ta bututu mai tsawon kilomita 1,443 zuwa Tanga a gaɓar Tanzaniya. An shimfiɗa kwalta a cikin dajin, an gina gada a Paraa inda dā fito ke ƙetare da motoci. Gwamnati ta ce ƙasa tana bukatar kuɗin, kuma ba ƙarya ta yi ba. Masu kula da namun daji kuma suna cewa ƙarar injuna tana korar giwaye zuwa gonakin talakawan da ke bakin gandun, jikokin waɗanda aka tasa tun farko, alhali ba su ne za su fi cin ribar man ba.