Gandu: haƙƙin uba da haƙƙin ɗa



A ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen Maraɗi da Katsina, mutum guda bai iya zama daji shi kaɗai. Gida guda, gona guda, rumbu guda: shi ne gandu. Ɗa ko ya yi arme, ko ya haihu, gandun ubanshi yake nomawa, hatsin kuma hannun maigida yake.

Amma ku lura, uba ma da nauyi bisa kanshi. Shi ke cida gida har kaka ta zo. Shi ke ba da iri da kalme. Shi ke biyan sadakin ɗanshi. Yana yanka mishi gamana, abin da yaro ya noma ciki nashi ne.

Yau uba na kuka yara sun tahi biɗa Nijeriya ko Libiya. Yara na cewa gona ba ta isa, ba a ba su komi. Gado na tsattsage gonaki.

Iyaye, kahin damana ku zauna da ɗiyanku, ku nuna ma kowane tashi gamana. Samari, wanda ya tahi ya komo kahin shibka.

Allah ya ba mu damana mai albarka.